Ɗigo Biyu da Allon Almajiri: Matsalar Yarda a Manufofin Rigakafi da Ilimi a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki manufofi biyu na gwamnati da suka daɗe suna jawo ja-in-ja a Arewacin Nijeriya, wato rigakafin shan-inna da gyaran karatun allo, ta auna su da juna. Hujjarta ita ce, abin da ya rufe wa masu ɗigo ƙofofi a 2003 rashin yarda ne ga hukumar da ke kawo abin da ita take so, ta bar abin da ake roƙonta. Hukumomin lafiya sun gane haka bayan an yi asara mai yawa, suka sake salo. Hukumomin ilimi har yau ba su kai ga wannan fahimta ba.

1. Gabatarwa



Duk manufar da ta shafi yaro tana taɓa mutum uku a lokaci guda: uban da ya haifa, malamin da ake jin maganarsa, da hukumar da ke riƙe da doka da kuɗi. Kowannensu yana ganin shi ne ya fi sanin abin da ya dace da yaron. Shi ya sa gardama kan allura da makaranta ba ta ƙarewa da wuri kamar gardama kan titi ko kasuwa.

Ba kuma a kanmu aka fara ba. Ingila ta wajabta lambar agana ga jarirai a 1853. A 1885 dubban mutane suka fito zanga-zanga a garin Leicester suna ƙin dokar, har a 1898 majalisa ta sassauta, ta ba uban da zuciyarsa ba ta kwanta ba damar neman a ɗauke masa. A Amurka sai da maganar ta kai kotun ƙoli a 1905 kafin a tabbatar cewa jiha tana da ikon tilasta rigakafi. Na kawo waɗannan ne domin a cire daga kai tun yanzu cewa ƙin allura wata ɗabi'a ce ta Bahaushe ko ta Musulmi.

2. Kano, 2003 zuwa 2004

A 1988 taron lafiya na duniya ya ƙudiri aniyar kawar da shan-inna baki ɗaya. A lokacin cutar tana nakasa yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Zuwa 2002 an tsuke ta a 'yan ƙasashe kaɗan, kuma Nijeriya ta samu yara 202 a shekarar.

A tsakiyar 2003 Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya, ƙarƙashin Dokta Ibrahim Datti Ahmed, ta yi kira da a dakatar da ɗigon, bisa zargin cewa an gurɓata shi da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. A lura, mai wannan kira likita ne, ba mutumin da bai taɓa shiga aji ba. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar. Sauran sun dawo da wuri, amma Kano, ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ta tsaya kusan wata goma sha ɗaya. Gwamnatin Obasanjo ta tura kwamitoci ƙasashen waje suka gwada maganin suka ce lafiya lau yake. Kano ta ce sai ta ga nata gwajin. A ƙarshen Yulin 2004 ne gwamnan ya buɗe aikin da hannunsa a Takai, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, ƙasar Musulmi.

Abin da ya biyo baya a rubuce yake. Yaran da suka kamu a Nijeriya sun kai 355 a 2003, suka haura 780 a 2004, suka wuce 1,100 a 2006. Ƙwayar cutar ta ƙetara zuwa ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Chadi da Sudan ta kai Yaman. A 2005 ta isa Indonesiya kanta, wadda ta shekara goma ba ta ga shan-inna ba. Ba zan kewaya ba a nan: zargin ba shi da tushe, waɗanda suka jagoranci ƙauracewar sun yi kuskure, kuma yaran da ba a tambayi ra'ayinsu ba su ne suke jan ƙafa a yau. Duk bayanin da zan yi a gaba bai wanke wannan ba.

3. Abin da ya ba jita-jitar gindin zama

Tambayar da ta fi amfani ga mai tsara manufa ita ce: me ya sa maganar da ba ta da hujja ta samu masu saurare haka? Manazarta irin su Maryam Yahya, da Ebenezer Obadare, da Elisha Renne a littafinta na 2010 kan siyasar shan-inna a Arewa, duk sun tsaya a kan rashin yarda. Ina tare da su, sai dai ina so a rarrabe inda ya samo asali.

Na farko shi ne 1996. A shekarar annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, akasari a Arewa. Ana tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200, rabinsu aka ba su sabon, rabi aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna kuma ya nemi izinin iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Jaridar Washington Post ta fallasa labarin a ƙarshen 2000, gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wato a 2003, lokacin da ake ce wa Bakano ya buɗe bakin ɗansa, maganar Trovan ɗanya ce, babu wanda aka hukunta, babu wanda aka biya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Na biyu, manufar yawan jama'a ta 1988, ta zamanin Babangida, wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace. A ƙasar da ake raba kuɗi da kujeru bisa ƙidaya, duk abin da ya yi kama da rage haihuwa ana yi masa kallon siyasa. Sai kuma ga Amurka ta auka wa Iraƙi a watan Maris na 2003, ana jin labarin safe da yamma a sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da Jamus. Daga baya ma, a 2011, da ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafi a Pakistan wajen farautar Usama bin Laden, masu zargi sun samu abin nunawa.

Na uku shi ne wanda na fi ba nauyi, domin shi ne talaka ke gani da idonsa ba sai an ba shi labari ba. Mutum ya kai ɗansa asibitin sha-ka-tafi da zazzaɓin cizon sauro, a ce ya sayi kati, a rubuta masa magani ya je kemis, wani lokacin ma ya tarar da ƙofa a kulle. Ƙyanda ta shigo unguwa ta ɗebi yara, bai ga kowa ba. Sai ga ma'aikata har ƙofar ɗakinsa, kyauta, sau da yawa a shekara, saboda cutar da ba kasafai yake ganinta ba, wadda ma a al'adance ake danganta ta da iska ba da ƙwayar cuta ba. Suna zana alli a bango, suna shafa wa yara tawada a ɗan yatsa, in an hana su dawo gobe. Dole ya tambayi kansa abin da ya sa wannan kaɗai aka damu da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna kashi 13 cikin 100 ne kacal na yaran Nijeriya suka kammala rigakafin yau da kullum, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 5 ba. Hukumar da ta kasa riƙe rigakafin da ake zuwa nema ita ce ta nace a kan wanda ba a nema ba.

Akwai wata shaida da ake yawan tsallakewa. Mutumin da ya hana ɗigo a gida, shi ne yake bin layi a yi masa allurar sanƙarau in zafi ya tsananta, shi ne kuma yake miƙa hannu a sansanin alhazai ba musu, domin Saudiyya ta shardanta. Ashe allurar kanta ba ita ce abar ƙi ba. Wanda ya kawo ta, da dalilin da ya bayar, su ake aunawa.

4. Yadda ƙofofi suka buɗe

Ba gwajin ɗakin bincike ne ya warware matsalar ba, domin bayan 2004 an ci gaba da jin "maigida ba ya nan" da "yara sun fita" shekara da shekaru. Sauyin ya zo ne a hankali. A 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye ke so: allurar ƙyanda, sinadarin bitamin A, maganin tsutsar ciki, gidan sauro, sabulu. A 2009 gwamnoni suka sa hannu a kan alƙawari a Abuja, kuma a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Wannan ya sauko da aikin daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, mutumin da ya san kowane gida da wanda ke cikinsa. Daga 2012 aka ɗauki dubban mata daga cikin unguwanninsu, waɗanda "ba shiga" ba ta hana su shiga, suna zuwa suna da biki, suna bin masu juna biyu. Waɗanda cutar ta nakasa, irin masu ƙera kekunan guragu a Kano, suka shiga gaba suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Aka kafa sansanonin duba marasa lafiya kyauta a ranakun rigakafi.

An kuma gwada barazana. A 2011 gwamnatin Kano ta ce za ta gurfanar da iyayen da suka ƙi. Ban ga abin da ke nuna cewa tsoron kurkuku ya yi rabin aikin da mai unguwa da ungozoma suka yi ba. Hanyar ma ba ta rasa jini ba: ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Duk da haka, daga yara 122 da suka kamu a faɗin Nijeriya a 2012, Kano ta ga na ƙarshe a Sumaila a Yulin 2014. Cutar ta sake ɓulla a Borno a 2016, a wuraren da Boko Haram ta hana shiga, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji.

Nasarar tana da iyaka. Nau'in da ke rikiɗa daga maganin kansa, wanda ke yaɗuwa inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, ya kama sama da yara 400 a Nijeriya a 2021. Binciken lafiya na 2018 ya samu kashi 5 cikin 100 ne na yaran Sakkwato suka kammala rigakafi. Annobar mashaƙo ta 2023, wadda Kano ce cibiyarta, ta fi kama yaran da ba a yi musu allurar da ake bayarwa tun jarirai ba. An ci gangami, asibitin unguwa yana nan yadda yake.

5. Allo da boko

Yanzu a ɗauki wannan ma'auni a ɗora a kan ilimi. Lokacin da Turawa suka yi ƙiyasi a farkon mulkinsu, sun samu makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, da ɗalibai sama da 200,000. Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909 a ƙasar da take da malamai da littattafai da tsarin karatu tun ƙarnoni. Mulkin mallaka ya mayar da aikin hukuma ga mai boko, tsangaya ta rasa tallafin fada, aka bar ta da sadaka da kuɗin Laraba. Tun daga nan hukuma take kallonta a matsayin matsala, ita kuma take kallon hukuma a matsayin mai son rushe ta.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta biyo bayan ƙaddamar da shirin a Sakkwato a 1999, ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Ta tanadi gargaɗi ga uban da ya ƙi a karon farko, tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a karo na biyu, naira 5,000 ko wata biyu bayan haka. Sama da shekara ashirin ke nan, ko adadin yaran da ba sa makaranta ba a daidaita a kai ba. UNICEF ta daɗe tana cewa miliyan 10.5, UNESCO ta ce kimanin miliyan 20 a 2022, saboda shekarun da kowa ya ƙirga daban ne. A irin wannan lissafi, yaron da ke tashi da asuba ya yi tilawa, ya wanke allo ya rubuta, ana sa shi a sahun wanda bai taɓa karatu ba. Ta fuskar lissafi da karatun boko akwai hujjar yin haka. Amma alaramman da ya ji an ce ɗalibansa ba sa makaranta ya riga ya san matsayinsa a idon wanda ya zo gyara.

A Afrilun 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato. An gina sama da 150 irinta, aka miƙa wa jihohi, da yawa suka lalace ko aka mayar da su wani abu. An gina aji da ɗakin kwana, ba a tanadi abinci da albashi mai ɗorewa ba, malaman da ke riƙe da yaran kuma suna gefe. A 2020, da korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu. Aka loda yara a motoci ana musayarsu tsakanin Kano da Kaduna da Jigawa da sauransu, wasu aka gwada aka same su da cutar. Da kulle ya wuce, yaran suka dawo. A Mayun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Gini, kora, hukuma: duka uku daga sama suka sauko, kamar ɗigon 2003.

Me uba ke gani in ya leƙa firamaren garinsu? Aji ɗaya da yara sama da ɗari a ƙasa, in ma malamin ya zo. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 daga cikin 33,000 sun faɗi jarrabawar da aka tsara a matakin aji huɗu. An yi gardama kan yadda aka yi jarrabawar, amma babu wanda ya ce makarantun lafiya suke. Ga sace ɗalibai a Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Ga ɗan maƙwabci ya gama sakandare yana tuƙa a-daidaita-sahu. Hannah Hoechner, a bincikenta na Kano da aka buga a 2018, ta nuna cewa talauci da lalacewar makarantar gwamnati suna da babban kaso a shawarar tura yaro almajirci. Uban da ya haɗa ɗansa da malam zuwa birni bayan kaka ya rage baki ɗaya a gida, kuma yana da tabbacin ko ba komai yaron zai samu wani abu na Alƙur'ani.

Wanda ke cewa mutanen nan ƙin sabon tsari suke yi, ya dubi Islamiyya. Tana da aji da benci da rajista da jarrabawa da kayan makaranta, da yawa ma suna koyar da lissafi da Turanci. Ba doka ce ta yaɗa ta ba. Unguwanni da ƙungiyoyin addini suka gina, iyaye suna biya, 'yan mata da matan aure sun cika ta. Tsarin na boko ne, amma masu shi sanannu ne, shi ya sa ba a yi masa tawaye ba.

6. Tilas da sharaɗinta

Kada a fahimce ni da cewa hukuma ba ta da ikon tilastawa. Tana da shi a duka biyun. Uban da ya hana ɗigo yana jefa ɗan maƙwabcinsa a haɗari. Uban da ya saki ɗan shekara bakwai da roba a birnin da bai san kowa ba ya tauye haƙƙin da Musulunci kansa ya ɗora masa na ci da sha da sutura, kuma malamai da sarakuna sun sha faɗin haka. Bara ba rukunin karatu ba ce. Sai dai tilas tana da sharaɗi: wanda zai hukunta ni don ban kai yaro makaranta ba, ya fara nuna mini makarantar. Kuɗin da dokar 2004 ta ware, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ba ya fita sai jiha ta ajiye nata kason, kuma biliyoyin naira kan yi shekaru a ajiye saboda jihohi ba su ajiye ba. Dokar ta tanadi kurkuku ga uba, ba ta tanadi komai ga gwamna ba.

Kwatancen nan yana da inda ya tsaya. Ɗigo aikin minti ɗaya ne, ana iya yi masa gangami na kwana huɗu da kuɗin ƙasashen waje. Karatu shekara tara ne, kullum, da malami da abinci. Shan-inna ta samu Bill Gates da Rotary da Gidauniyar Ɗangote domin tana iya hawa jirgi ta ƙetara teku, rashin karatun ɗan ƙauye kuwa ba ya tsorata kowa a waje. Don haka ilimi ba zai samu irin wannan kuɗi ba, dole ya fito daga kasafin jihohi.

Abin da za a iya ara shi ne salon. A 2009 an daina ɗaukar mai unguwa a matsayin wanda za a wayar wa kai, aka ba shi aiki, aka kuma tambaye shi sakamako. Alaramma ma haka ya kamata. A yi wa tsangayarsa rajista da sunan kowane yaro da na ubansa da garinsu, a sa iyakar shekarun da za a karɓi yaro daga nesa, a kai abinci da malamin lissafi da karatu inda yaran suke a ranakun Alhamis da Juma'a ko wani lokacin da aka yarda da shi, a ba shi alawus a kan sharaɗin ba bara. Gardin da ya haddace ya kuma rubuta Alƙur'ani da ka ya samu takardar da wata makaranta ko ofis za su karɓa. Wanda ya ƙi bayan an yi wannan, doka ta hau kansa.

Ko ƙidayar da ake ta gardama a kai ba sai an faro daga tushe ba. Daga 2012 shirin shan-inna ya zana taswirar garuruwa da ƙauyuka da rugage na jihohin Arewa da hotunan tauraron ɗan'adam, kuma ayarin masu ɗigo sun shekara suna shiga makarantun allo suna neman 'yan ƙasa da shekara biyar. Waɗannan taswirori da tsare-tsaren mazaɓu suna hannun hukumomin lafiya na matakin farko, matan da suka yi aikin suna nan a unguwanninsu. Hukumar almajirai da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi za su iya neman su a fara rajistar tsangayu da su, mazaɓa bayan mazaɓa.